Amanar Gwaggo da haɓar Bissa

Da Gwaggo za ta tafi Madina jinyar 'yarta, abu ɗaya ta bar mini: kyanwarta. Ba dangin jini muke ba. A gidanta nake haya a Misfala tun da na zo karatu Jami'ar Ummul Ƙura, iyayenta kuwa na cikin Hausawan da suka biyo ta Sudan suka zauna a Makka. Sunan kyanwar Bissa, wanda a Larabcin Hijaz ma'anarsa kyanwa kawai. "Ɗan nan, amana ce," in ji ta, ta shige mota.

Mako uku da tafiyarta, ina shafa wuyan Bissa sai na ji haɓarta da kaushi. Da na ɗaga, baƙin ɗigo-ɗigo ne kamar an barbaɗa garin gawayi. Na zaci kashin ƙuma ne, na kankaro kaɗan na ɗora a jiƙaƙƙen tishu, don kashin ƙuma ja yake komawa tunda jini ne. Wannan bai canza ba. Kafin kwana biyar wurin ya kumbura, ƙuraje biyu suka yi ruwa, ta riƙa goga haɓar a ƙafar kujera.

Wani abokina ya ce in wanke da Dettol, in jiƙa mata rabin Panadol. Allah ya so ban yi ba. Da na maimaita wa likitan dabbobi wannan shawara, sai ya ajiye biro ya dube ni. Dukansu guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa su, ƙwayar Panadol ɗaya na iya kashe ta.

Ya ce ƙurajen haɓa ne: maiƙon fata da matacciyar fata ke toshe ramukan gashi, in ƙwayoyin cuta suka samu shiga sai ya zama mugunya. Daga nan ya yi tambayar da ta sa na sunkuyar da kai: "A me take cin abinci?"

Tasar ƙarfe Gwaggo ta bari. Ni na ɓoye ta saboda ƙarar da take yi a kan tayil cikin dare, na maye ta da robar da ake zubo mini shinkafar bukhari. Roba tana karcewa, maiƙo ya maƙale a karcen, ga zafin Makka da ke haura digiri 40. Wankin ma sai na tuna.

Ya aske gashin haɓar, ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda mugunyar, ya ba ni ruwan kulohekzidin da aka tsarma. Safe da yamma in ɗora tsumma mai ɗumi na 'yan mintuna, sannan in goge a hankali. Kada in matse, kada in shafa man ƙurajen mutane. Ya ƙara da cewa wasu kyanwoyin abin yakan dawo musu. Kuɗin ya ci alawus ɗina sosai, ni kuma na sha yakushi.

Duk lokacin da Gwaggo ta bugo waya, "lafiya lau take" nake cewa. Ranar da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta ɗauki Bissa, ta ɗaga haɓar, ta daɗe tana duban gashin da bai gama tsirowa ba. Sai ta dubi tasar da ke ƙyalli a gefen ƙofa.

"Ɗan nan," ta ce, "zauna ka ba ni labari."