Mai Masaukin da Bai San Baƙinsa Ba

A ranar 5 ga Yuni 2021 aka wayi gari a Nijeriya Twitter ba ya buɗuwa a layukan waya. Kwana uku kafin nan kamfanin ya goge wani saƙo na shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, bisa hujjar cewa ya saɓa wa ƙa'idojinsa. Ministan yaɗa labarai, Lai Mohammed, ya sanar da dakatarwar, Ministan Shari'a Abubakar Malami kuma ya ce a gurfanar da duk wanda ya karya umarnin. Ƙofar ta zauna a rufe kwana 222, sai 13 ga Janairu 2022 aka buɗe ta, sa'annan a ranar 14 ga Yuli 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. A tsawon waɗannan watanni mutane da yawa ba su daina shiga ba. Sun sauke manhajojin VPN, waɗanda ke zagayawa da mutum ta wata ƙasa kafin su kai shi inda ya nufa.

A Daura, mahaifar shugaban, akwai wani malamin kwamfuta na makarantar sakandare wanda da yamma yakan zauna a ɗan shagonsa na buga takardu da cike wa ɗalibai fom. Samari sun riƙa kawo masa wayoyinsu ya sa musu VPN, har da waɗanda ba su yarda a taɓa Baba Buhari a gabansu ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne tambayar da babu wanda ya yi: hanyar nan ta wane ne? Manhajar kyauta ce, alhali akwai mai biyan kuɗin injinan da take bi. Kamfani ɗaya ne ke ganin wanda ya shigo da inda ya nufa, kuma babu abin da zai hana shi sayar da wannan bayani ko miƙa shi ga hukuma. An tsere wa idon kamfanin waya ne kawai aka faɗa idon wani wanda ba a ma san sunan garinsu ba. Neman amsar wannan ne ya kai shi ga Tor.

Asalin dabarar daga ɗakin binciken rundunar sojan ruwan Amurka ta fito a tsakiyar shekarun 1990, a hannun Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag. A 2002 Roger Dingledine da Nick Mathewson tare da Syverson suka fitar da Tor, a 2006 kuma aka kafa ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba don kula da shi. Daga albasa aka samo sunan, saboda ana naɗe saƙo cikin kulle uku, ɓawo bisa ɓawo, a bi da shi ta kwamfutoci uku. Ta farko ta san wanda ya aiko, ba ta san inda za shi ba. Ta tsakiya ba ta san kowa ba sai wadda ta miƙo mata da wadda za ta miƙa wa. Ta ƙarshe ta san shafin da aka nufa, ba ta san mai nema ba. Kowace tana ɓare ɓawonta kaɗai. Waɗannan kwamfutoci dubbai ne a warwatse cikin duniya, kuma na 'yan sa-kai ne: jami'o'i, ƙungiyoyi, da ɗaiɗaikun mutane masu biyan kuɗin wuta da na intanet daga aljihunsu.

Da ya zo yi wa ɗalibansa bayani, malamin bai sha wahalar neman kalma ba. Ya kira kowace kwamfuta zango. Mutumin ƙasar Daura ba ya buƙatar a fassara masa wannan, ga garin Zango nan a cikin masarautar, tare da Baure da Sandamu da Mai'adua. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro da zango-zango suke cin tafiyarsu, kuma mutanen kowane zango iyakar saninsu daga ina ayari ya kwana jiya, ina kuma zai kwana gobe. Sai ya ga cewa wanda ya amfana da zangon wasu ya kamata shi ma ya share wuri ya shimfiɗa tabarma.

Nan ne ƙarfinsa ya nuna iyakarsa. Cikakken zango yana buƙatar kwamfutar da ba ta mutuwa dare da rana, da layin intanet mai ƙarfi wanda ake iya isowa gare shi daga waje, da aƙalla gigabait 100 na data a kowane wata. Shi kuwa da layin waya yake aiki, wuta takan zo ta tafi, batirin solarsa bai wuce ya riƙe injin buga takardu zuwa isha'i ba. Zangon ƙarshe, wato ƙofar fita, ya fi kowanne haɗari, domin adireshin mai shi ne ke bayyana a kan duk abin da baƙo ya aikata, shi za a fara ƙwanƙwasa wa ƙofa. Abin da ya yi daidai da shi shi ne Snowflake, wata 'yar manhaja da ake liƙa wa burauza. Da yake jerin zangunan Tor a fili yake, gwamnatin da ta so takan toshe su gaba ɗaya, kamar yadda Rasha ta fara yi a Disamba 2021. Snowflake kan mayar da kwamfutar mutum ta zama 'yar gada ta wucin gadi da wanda aka toshe zai taka ya isa Tor, kuma zirga-zirgar takan yi kama da kiran bidiyo. A Satumba 2022, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan mutuwar Mahsa Amini, ɗimbin mutanen Iran ta irin waɗannan gadoji suka riƙa fita. Abin da malamin ke gani a allonsa lamba ce kawai, adadin waɗanda suka bi ta kansa cikin awa 24. Ba suna, ba fuska, ba godiya.

Watan Satumba 2021 ya nuna wa jama'ar jihar abin da wannan dabara ba za ta iya ba. Bayan an katse layukan waya a Zamfara a farkon watan, sai aka katse su a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari da Funtuwa, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Hujjar ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Daura ba ta cikin jerin, amma labarin waɗanda ke hawa mota zuwa wani gari don kiran waya ɗaya ya iso ta. Tor yana zagaye ƙofar da aka kulle ne idan hanya tana nan. Idan an ɗauke hanyar baki ɗaya, babu albasar da za ta yi magani. Wannan lamari ya kuma sa kalmar ɓoye suna ta yi nauyi a kunnen Bakatsine, domin a ƙauyukan da aka sace wa mutane, wanda ba a san shi ba shi ne abin tsoro.

Daga wannan ɓangaren ne baffansa ya ɓullo masa. Dattijo ne da ya yi shekaru yana fatauci tsakanin Daura da Damagaram, zaurensa kuma bai taɓa rabuwa da baƙi ba. Ya saurari bayanin zanguna uku har ƙarshe, sa'annan ya ce, "Ɗana, baƙon da ya kwana a zaurena na ga fuskarsa, na san uban gidansa. In ya ci bashi a kasuwa ni ake kamawa. Kai wa ka sauka?" Malamin ya ce, "Baffa, ban san shi ba, kuma an gina abin ne don kada in san shi." Dattijon ya ce, "To, in ɓarawo ne fa?"

Tambayar tana da ƙarfi, kuma ta rushe rabin misalin zango. A tsarin fatauci mai masauki dillali ne kuma mai lamuni. Amanar kasuwa a kan saninsa da baƙo take tsaye. Gaskiya ne kuma akwai masu amfani da Tor wajen sayar da ƙwaya da zamba da abin da ya fi haka muni. Malamin bai musa ba. Abin da ya auna shi ne, mai laifin da ke da kuɗi ba ya rasa hanya, yana iya sayen layi da sunan wani ko ya saci waya. Wanda ba shi da wata mafita shi ne ɗan jaridar da ke bin diddigin kuɗin da aka wawure, da ma'aikacin da ya ga ɓarna a ofis yana tsoron korarsa, da matar da ke neman shawarar likita kan abin da take jin kunyar faɗa. Idan mai gada ya san su, to duk wanda ya matsa masa zai san su. Rashin saninsa shi ne rufin asirinsu. Saboda haka ya koma ga misalin mai haƙa rijiya a bakin hanya, wanda ba ya tsayawa tantance masu sha. Dattijon bai ce ya gamsu ba, amma bai hana shi ba.

Masu nazarin Hausa suna da abin dubawa a nan, domin kalmomin da ake amfani da su sun riga sun yanke hukunci kafin a fara muhawara. Hanyar da ta kauce wa shinge sunanta ɓarauniyar hanya, kuma mutanen Kwangwalam da Mai'adua sun san ta sosai tun rufe iyakar Agusta 2019 da ta Agusta 2023. Wanda ya bi ta ya zama abin zargi tun daga sunan. A ɗaya gefen, aikin hana wani rubutu ko fim fita sunansa tacewa, kamar yadda yake a sunan Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Tacewa kuwa aikin alheri ne a gidan Bahaushe: ana tace gasara a fitar da dusa don koko ya shawu. Amma abin da ya faru a Yuni 2021 toshewa ne, an hana gasarar da dusar gaba ɗaya. Haka lamarin yake da hukumomin sojan Nijar suka dakatar da RFI da France 24 a Agusta 2023, da BBC na wata uku a Disamba 2024, tashoshin da biyu daga cikinsu ke magana da Hausa kullum. BBC kuwa tun Oktoba 2019 ta buɗe shafinta a cikin Tor saboda irin wannan rana. Muddin harshe bai raba tacewa da toshewa ba, mai sauraro zai ci gaba da ɗaukar kowane kulle a matsayin tarbiyya.

Tarihin da Daura take alfahari da shi ma a kan hana ɗiban ruwa ya ginu. Macijin rijiyar Kusugu bai ƙafar da ita ba, ya dai ƙayyade wa mutane ranar Juma'a kaɗai, kuma baƙon da ya kawo ƙarshen wannan ƙa'ida sai da aka yi cigiya kafin a san ko wane ne. Ba a faɗi haka don a mai da gwamnati maciji ba, domin tsaron rayuka hakki ne a kanta, kuma wanda aka kashe wa ɗan'uwa a Batsari yana da dalilin goyon bayan duk matakin da aka ce zai kawo sauƙi. Abin da ake nema shi ne kulle ya kasance da doka a bayansa, da wa'adi, da kotun da za a kai ƙara, dokar kuwa ita ce abin da kotun ECOWAS ta ce an rasa a dakatar da Twitter.

Har yanzu zangunan Tor sun fi yawa a Turai da Amurka, inda wuta da intanet suke da araha, kaɗan ne a Afirka ta Yamma. Cibiyoyin kwamfuta na jami'o'in Arewa suna da layi da janareto da masana da malamin sakandare ba shi da su, kuma zangon tsakiya ba ya jawo wa mai shi ƙorafi irin na ƙofar fita. Sassan Hausa kuma suna iya samar da kalmomin da za a yi wa jama'a bayani da su, da fassarar manhajojin kansu, don kada mai buƙata ya tsaya a bakin gada saboda bai iya Turanci ba.