Furen ƙyalle a birnin Kiyoto

Mun yi alkawarin kawo muku tsarabar tafiyarmu ƙasar Japan, mu uku da aka gayyata horo a kan ƙananan sana'o'in mata. To ga ta, sai dai ba ta ci ba ce, ta hannu ce.

Cikin watan Nuwamba muka sauka Kiyoto, tsohon birnin sarautar ƙasar tun shekarar 794, wanda ya yi fiye da shekara 1000 sarki yana zaune cikinsa. Sanyi kamar tsakiyar hunturunmu, ganyen itatuwa ya yi ja wur. A titi muka yi ta gamuwa da ƴan mata ƙanana cikin kimono, tufarsu ta gargajiya, kowace da fure a gashinta yana reto. Tafintarmu ta ce bikin yara ne da ake yi wajen 15 ga wata, na ƴan shekara 3 da 5 da 7. Ƙaramarmu ta ce, "Yaya, wane fure ne wannan da ba ya yaushi?" Tafinta ta yi dariya, ta ce ai ƙyalle ne, gobe ma za mu yi shi da hannunmu.

Washegari aka kai mu zauren unguwa, inda mutanen wurin ke taruwa su koyi sana'a. Muka tuɓe takalma a bakin ƙofa, muka zauna bisa tabarma gaban wasu gajerun tebura. Mata ne zalla, yawancinsu sun manyanta. Malamar tsohuwa ce tukuf, mu dai Inna muka riƙa ce mata.

Abin adon gashin sunansa kanzashi, aikin kuwa tsumami, wato tsunkule. Tun zamanin da suke kira Edo, daga 1603 zuwa 1868, ake yin sa. Kayan aikin ba su cika tafin hannu ba: siliki marar kauri an yanka shi murabba'i, kowane bai wuce santimita 2 ko 3 ba, da matsefata irin ta cire ƙaya, da ɗan allo da aka shafe da talgen shinkafa mai kauri. Ba allura, ba zare, ba keken ɗinki.

Ana ɗaukar ƙyallen da matsefata, a naɗe shi kusurwa zuwa kusurwa, a sake naɗewa, a tsunkule gindinsa, a dasa shi cikin talgen ya sha. Naɗin iri biyu ne kawai: mai zagayayyen baki, da mai tsini kamar bakin takobi. Duk furen da muka gani a titi daga waɗannan biyun ya fito. In sun sha talgen sai a jera su ɗaya bayan ɗaya bisa ɗan faifan kwali da aka lulluɓe da ƙyalle, a ɗaura a tsinken ƙarfe.

Wallahi mun raina aikin da farko. Ma'ajiyarmu, wadda ta shekara da shekaru tana ɗinki, ta yi ta fama, ƙyallen yana kuɓuce mata. Furenta na fari ya fito a karkace, sai ka ce kaza ta taka shi. Ta kai hannu za ta watsar, Inna ta riƙe mata hannu. Ta nuna mata cewa talgen shinkafa ba ya saurin bushewa, shi ya sa suka zaɓe shi: in ka yi kuskure, akwai sauran lokacin gyara. Ma'ajiya ta ce, "Inna, ashe talgenku ya fi mu haƙuri." Da tafinta ta juya maganar, duk zauren ya ɗauki dariya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda sana'ar ke bin kalanda. A unguwar Giyon akwai ƴan mata masu koyon rawa da kiɗan gargajiya, maiko, waɗanda ke sauya furen kansu kowane wata. Wanda ake sawa a Afrilu daban, na Oktoba daban. A Nuwamba jan ganyen nan da muka tarar suke sawa. Ga bikin yara, ga bikin cika shekara 20 a watan Janairu, ga aure. Mai sana'a ta san watan kowane ciniki tun kafin ya zo, sai ta shirya masa.

Wajen shan shayi suka tambaye mu aikinmu. Da muka ba su labarin asusu, sai wata ta tafa hannu ta ce su ma kakanninsu sun yi adashi, suna ce masa tanomoshi. Nan fa hira ta yi daɗi, kamar mun haɗu da dangi.

A hanyar dawowa tunani ɗaya muka yi ta yi. Sau nawa mace ke cin bashin asusu ta sari kaya, kasuwa ta ƙi, ranar biya ta zo ido ya raina fata? Ga sana'a da jarinta ke zube ƙarƙashin keken kowane tela daga Maraɗi har Damagaram, ana sharewa ana ƙonawa. Mu manya muna rufe kai, amma akwai kitson yara ranar salla, da kallabin amarya, da jakar ƙawaye.

Mun gwada da muka iso gida. Atamfa da shadda sun yi kauri, sai an yanka su da faɗi. Ragowar mayafi marar kauri ya fi naɗuwa. Iskar hunturu kuma tana busar da talgen nan da nan, don haka a riƙa shafa kaɗan kaɗan. A adana furen cikin gwangwani mai murfi, don kyankyaso na son shinkafa.

Kowace ta zo taron mako da ƙyallayenta da matsefata. In muka fara yanzu, kafin salla hannu ya faɗa. Allah ya sa albarka cikin asusunmu.