Kwaɗo uku

A Hausa, amana abu ce mai jiki. Ana ba da ita, ana riƙe ta, ana kuma cin ta kamar tuwo. Daga Larabci muka aro kalmar, kuma har yanzu tana ɗauke da ma'anar ajiya: abin wani da ke hannunka har ya dawo ya karɓa. Yarda ta fi ta sauƙi. Ka yarda da mutum yau, gobe ka janye, ba wanda zai kai ka gaban alƙali. Faransancin lakkol ya tattara su biyu cikin kalma guda, confiance, kuma ina jin daga nan ne ruɗani ke shigowa duk lokacin da aka ce za a koya mana amincewa da juna.

Hutun da ya wuce, wata ƙungiya ta tara mu a Ƙonni kwana biyu, wai horon ƙarfafa yarda tsakanin matasa. Ka rufe ido ka faɗi ta baya, abokinka ya tare ka. A ɗaure maki ido da ɗankwali, wata ta ja ki tsakanin kujeru. Maza gefe guda, mata gefe guda, don ba wadda za ta faɗa hannun ƙato a gaban jama'a. Mun sha dariya, mun riƙe sunayen juna, kuma ban raina wannan ba. Amma mi na ajiye wurin wadda ta tare ni? In ta sake ni, iyakacin asarata ƙura a zane. Ga idon mutum talatin a kanta, ko maƙiyiyata ce sai ta tare ni.

Gwaggona tana cikin wani asusu na mata a ƙauyensu, kusa da Malbaza, irin na Mata Masu Dubara. CARE ce ta fara tsarin a jihar Maraɗi a 1991, yau ga shi ya bazu ƙasashe da yawa. Ba su wuce su talatin ba. Duk mako suna zama bisa tabarma, kowace ta zuba abin da aka yanka, a nasu dala ɗari. Akwatin na ƙarfe ne, da kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu, wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai kowa na nan. A ƙidaya kuɗin da ƙarfi, a faɗi wadda ta ci bashi da ranar biya, wadda ta makara ta biya tara. In shekara ta kewayo, a fasa a raba.

Na ce mata: "Gwaggo, ashe dai ba ku yarda da juna ba, tunda har kwaɗo uku."

Ta ce: "Ke ɗiyag ga, boko ya cika maki kai. Wa muka zarga? Mun dai hana shaiɗan wurin zama. Kuɗɗin magani na iya kama kowa da tsakad dare."

Wannan amsa ta fi duk abin da na ji a kwana biyun can. Matan nan ba su jira sai sun yarda da juna ba kafin su fara. Sun yi tsarin da ko mai rauni ba za ta samu hanyar cin amana ba, suka sa abin da rashinsa ke da zafi, suka maimaita mako bayan mako. Bayan rabo biyu ko uku, kowace ta san wadda ke biya ran da ta ce, da wadda sai an aika yaro. Yardar daga baya ta zo, da shaidunta. Haka ma manomin Galmi da ke sakin buhunan albasarsa su nufi Gana ko Kwaddibuwa kafin ya ga dukan kuɗinsa: ya taɓa gwada ɗan kasuwar da buhu kaɗan a wata shekara.

Mu nan, abin da muke ajiyewa wurin juna iri biyu ne. Akwai kuɗin fotokofi, wanda har yau aljihun mutum ɗaya yake kwana, kuma nauyi ne muka ɗora masa ba tare da mun tambaye shi ba. Akwai kuma rubutun da ba a gama ba, wanda ya fi kuɗi ban tsoro, don in waƙarka ta soyayya ta fita fada kafin ka shirya, ba ka sake kawo wata. Shawarata a zama mai zuwa: a sayi akwati da kwaɗo uku, a riƙa ƙidaya a gaban kowa. Rubutu kuma a riƙa musayarsa biyu-biyu, na karɓi naka ka karɓi nawa, a mayar ran Asabar da gyara a gefen takarda.