Batirin Motar Kawu

Tun ranar da Allah ya yi wa kawunmu rasuwa, a ƙarshen daminar 2018, motarsa take lulluɓe da tamfol a gidansa da ke Barnawa. Ba wanda ya kula ta, don gidan makoki ba ya tunanin ƙarfe. Sai da matarsa ta fita takaba, aka zo maganar rabon gado, sannan manya suka ce mu 'ya'yan 'yar uwarsa mu nemi mai saye, tunda ba a raba mota da wuƙa, kuma akwai marayu uku da kuɗin makarantarsu ke jira.

Motar kuwa ba irin wadda aka saba gani ba ce. Porsche 911 ce ƙirar Jamus, ta 2006, mai ƙofa biyu, wadda ya shigo da ita ta Kwatano. Injinta mai silinda shida a baya yake, ƙarfin dawaki 325. Marigayin kan fita da ita ran Lahadi da safe, ya ɗan taka ta a hanyar Abuja ya dawo, in ban da haka tsoron ramukan unguwa ba ya barin ta fita. Mu dai kullum muna ganin ɓarnar kuɗi ce, amma wa zai gaya wa kawu haka?

To, mai saye ya samu, wani Alhaji daga Abuja. Sharaɗinsa ɗaya ne: ran Asabar zai zo, in ya ji kukan injin zai biya kuɗin mota, in kuwa bai ji ba, kuɗin gawa zai bayar. Ran Alhamis muka yaye tamfol, muka danna rimot, shiru. Muka buɗe ƙofa da makulli, muka murza, ko fitilar dashbod ba ta ƙifta ba. Ashe irin waɗannan motoci ko a kashe suke ba sa barci. Kwamfutarsu da ƙararrawar ɓarawo suna ta tsotsar wuta a hankali, ga zafin Kaduna da ke cin batir ko ba a taɓa shi ba. Wata biyar ya ishe shi mutuwa murus.

Muka ce ai abu mai sauƙi ne, a sauya batir. Nan fa aka yi ta! Batirin yana gaba, cikin ɗan but ɗin da ke inda sauran motoci ke da inji, shi kuwa murfin wurin da maɓallin lantarki ake buɗe shi. Wato sai da wuta za a kai ga batir, alhali rashin wutar ne ya kawo mu. Turawa ma ba ta taso ba, don giyarta otomatik ce. Wani matashin bakanike da muka kira ya zagaya ta sau uku, ya ce a kawo ƙarfen taya ya ɓanɓare murfin, daga baya mai gyaran bodi ya daidaita. Saura ƙiris mu yarda.

Wani maƙwabci ne ya tura mu Kakuri wajen wani dattijo mai cajin batir. Wanda duk ya san Kakuri a da, in ya shiga yau sai jikinsa ya yi sanyi. Nan ne masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. Nan ne kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, har 504 ta zama motar gwamna da ta ɗan tasi baki ɗaya. Dattijon nan yana cikin waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a layin haɗa wayoyin 504. Yanzu ɗan shago gare shi, cike da baturan janareto da na Keke Napep.

Muka kwashe labari muka gaya masa. Ya yi murmushi ya ce, "Samari, a Fijo waya ce ta ƙarfe, ka ja bonet ya buɗe. Amma ba maƙerin da zai rufe ɗaki bai bar taga ba. Littafinta yana nan?"

Littafin yana cikin aljihun dashbod, da Jamusanci. Baba bai san ko kalma ɗaya ba, amma ya ce a zamaninsu ma zanen Faransawa suke karantawa, ba Faransanci ba. Ya sa tabarau, ya yi ta buɗa shafuka da yatsa mai tabon ruwan batir, har ya tsaya a wani hoto. Sai ya durƙusa ta ƙofar direba, ya buɗe akwatin fiyus da ke wajen ƙafa, ya zaro wani ɗan jan abu da shi kansa kawu, muna zato, bai taɓa sanin yana nan ba. Ya maƙala masa jar waya daga batirin da ya zo da shi, baƙar kuma ya kama ƙarfen maƙallin ƙofa da ita. Nan take ƙararrawa ta ɓarke da ihu, yaran gidan suka watse, matar kawu ta fito da salati. Baba ko gezau. Ya ce, "Danna maɓallin, ɗana." Muka danna, murfi ya yi ƙas, ya ɗaga.

Da ya ɗora mita a kan tsohon batirin, bai kai bolt 5 ba, alhali lafiyayye 12.6 yake nunawa. Ya ce wannan ko an kwana ana masa caji ba zai riƙe ba. Ya auna tsawonsa da igiya, ya nuna mana gefen da kan ja yake, ya ce kada mu yarda a ba mu wanda kawunansa suka juya, don wayoyin ba za su kai ba. Muka haye gada zuwa cikin gari muka sayo.

Ɗaurawar ba ta ci minti ashirin ba, amma mun ga aikin wanda aka koya wa aiki. Sufana mai lamba 10 kawai ya riƙe. Baƙar waya ya fara cirewa, sannan ja. Wajen mayarwa kuwa ja ce farko. Muka tambayi dalili, ya ce jikin mota duk baƙar waya ne, in ka fara da ja sufana ta taɓa ƙarfe, tartsatsin da zai tashi yana iya cinye kwamfutar da ta fi batir tsada nesa ba kusa ba. Ya goge kawunan, ya shafa musu ɗan giris, ya mayar da siririn tiyon da ke fitar da iskar batir waje, abin da mu da mun yar da shi a matsayin tarkace.

Da aka murza makulli injin ya yi tari sau biyu, sannan ya kama da wannan gurnani da muka saba ji ran Lahadi. Matar kawu ta juya ta koma ɗaki, ba ta sake fitowa ba sai bayan magariba. Mu ma ba wanda ya iya duban ɗan uwansa.

Ran Asabar Alhaji ya biya kuɗin mota cif. Baba kuwa da muka tambaye shi ladansa, cewa ya yi mu ba shi kuɗin mai da mushen batirin, don masu sayen dalma suna biya da kilo. Muka ƙara masa abin da ya sawwaƙa, ya karɓa bayan an sha fama. Ya ɗaure batirin a bayan babur ɗinsa da roba, ya tura shi da ƙafa har ya kama, ya nufi Kakuri.