Wasiƙa daga Kaoje: Kar Ka Yi Gaggawar Sauya Injin Fijon Baba

Aminina,

  

Saƙonka ya iso, cewa kana son a sauke injin akori-kurar Baba, Fijo 504, a ɗora mata na Toyota da za a shigo da shi daga Kwatano ta Segbana. Don Allah dakata tukuna.

Inji ba buhun masara ba ne da za a jefa a bayan mota. A jikin kowane bulok akwai ramukan noti inda kujerun inji suke kamawa, kuma kowane kamfani da inda ya huda nasa. Ka buɗe bonet ɗin motar ka duba: injin 504 a kishingiɗe yake, ya karkata dama, da haka aka auna masa ɗakinsa tun ana haɗa ta a Kakuri, Kaduna, inda aka fara aikin Fijo a 1975. Na Toyota irin 22R na Hilux kuwa a tsaye yake ƙyam. In aka cusa shi, ko kansa ya tokari bonet, ko kaskon baƙin mai ya zauna kan ƙarfen da ya gitta ta ƙasa. Sannan bakin giyabos ba zai haɗu da bayan injin ba, sai ka sayi giyabos na Toyota, daga nan a yanke farfela, a sake salansa da tiyon lagireto. Kuɗin da ka ce za ka rage ya tafi ke nan.

Na san mai walda zai ce maka duk zai yi. Zai yi ɗin, amma na ga irin aikin a wata mota a nan garin: an tanƙwara ƙarfe an liƙa, injin ya ɗan goce, robar kujera ta tsage, sitiyari yana karkarwa a hannu. Hanyar Tsamiya da kaya niƙi-niƙi ba ta yi wa irin wannan ɗinki uzuri.

Injin Fijo 406 ma cire shi a ranka, a gicciye yake zama, tayoyin gaba yake ja.

Nemi na 504 ko na 505 mai lamba XN1, su ɗin gida ɗaya ne. A sa cigiya a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kuma bakanike ya tafi da tsofaffin kujerun ya gwada a jikin bulok kafin a biya ko sisi. Ka karɓi rasiti mai lambar injin, a gyara takardun mota, ka san yawan shingayen jami'ai a hanyar nan.

Baba yana gaishe ka. Ka kira ni kafin ka tura wa kowa kuɗi.

Naka har kullum,
Amininka na Kaoje