Cokali Nawa Ne Giram Biyar?

Mu da muke neman abinci da rubuta manhajar kwamfuta, tun a aji ake cusa mana cewa lamba ba ta da amfani sai an san da wane ma'auni aka auna ta. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wasu injiniyoyin sun yi lissafi da fam, wasu kuma da ma'aunin mita, ba a daidaita ba.

Irin wannan saɓanin yana nan a madafin gidajenmu. Likita da giram yake magana: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a rana ya kai giram 5. Mai girki kuwa da cokali take magana, ko tafin hannu. A tsakiya akwai iyayenmu masu hawan jini, waɗanda aka ce musu a rage gishiri, ba a ce a rage zuwa nawa ba.

Cokali yana auna wurin da abu ya cika, sikeli yana auna nauyinsa. Ƙaramin cokalin awo yana ɗaukar mililita 5. Gishirin leda mai laushi, kowace mililita tana da nauyin kusan giram 1.2, don haka cokali ɗaya a shafe ya kai giram 6, babban cokali mai mililita 15 kuma giram 18. Ke nan ƙaramin cokali ɗaya ya riga ya zarce rabon mutum na yini guda.

Sai dai wannan lissafin na gishiri mai laushi ne kawai. Mai manyan ƙwayoyi yana barin iska a tsakaninsu, sai cokali ya cika ido amma nauyin bai kai ba. Akwai irinsa a Amurka, Diamond Crystal, da ƙaramin cokalinsa bai wuce giram 3 ba. Cokalin ma ba ɗaya ba ne a ko'ina: babban cokali a Ostireliya mililita 20 ne. Shi ya sa ƙwararrun masu burodi ke dogaro da sikeli, suna zuba gishiri kusan giram 20 a kowane kilo na fulawa.

Ba sai mun mayar da madafi ɗakin gwaji ba. Sau ɗaya ya isa: mu ɗebi gishirin da muka saba saya, da cokalin da muka saba, mu ɗora a ƙaramin sikeli, mu rubuta lambar a murfin robar gishirin. Daga nan lissafi ya yi sauƙi. Tukunyar miya ta mutum shida da aka zuba wa ƙaramin cokali biyu, giram 12 ke nan, kowa ya tashi da giram 2, kafin a ƙirga dunƙulen Maggi, wanda shi ma gishiri ne da yawa a cikinsa. Da wannan lambar, ranar komawa asibiti Baba yana da abin da zai faɗa wa likita idan an tambaye shi.