Dokar Da Ba Ta Kai Kunnen Talaka Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai.

Mu mutanen Haɗeja da kogin nan muke ci, da shi kuma muke kuka. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ɗaukewa da rani yadda iyayenmu suka saba. Sai kacalla ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa har wajen Guri da Nguru, jan-baki kuwa ya yi sheƙa a cikinta yana cinye shinkafa. Ruwa kuma in ya rasa hanyarsa, ta gidajen mutane yake bi.

A damunar 2022 na ga haka da idona. Ruwa ya ci gonar kawuna, katangar gidansa ta zube. Na ce, "Kawu, ashe ba ku ji an hana gini a hanyar ruwa da zuba shara a kwata ba?" Ya dube ni ya ce, "Wa ya gaya mana? Ku da kuka iya karatu kun gani, kun yi shiru." Wallahi kunya ta rufe ni, gama na karanta sanarwar nan manne a bango, da Turanci, na wuce ban gaya wa kowa ba.

A da, in an kafa doka, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa, sankira ya bi gari da shela, duba-gari kuma ya leƙa gida gida. Takarda a bango ba ta da baki.

Saboda haka ina roƙon ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja su mai da dokokin tsabta da na ruwa cikin Hausa, boko da ajami, a karanta ran kasuwa da bayan sallar Juma'a, tun kafin ruwa ya sauka. Ku kuma 'yan'uwana malamai da akawuna, kada ku yi irin tawa. Ni dai yanzu duk sanarwar da na gani, sai na karanta wa almajiraina su kai gida, ni kuma in kai wa Kawu.

Haza wassalam.

Wani malamin makaranta,
Haɗeja.